Sa Hannu Goma Sha Huɗu da Na Je Nema a Riyad

Tun ranar da na dawo daga Riyad bakina bai huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a harabar kotu a tare ni, kowa sai na ba shi labari daga farko. Rabinsu ma ba labarin ne ya dame su ba, ruwan zamzam suke nema, sai in yi ta bayanin cewa Riyad daban Makka daban, kuma ƙafata ba ta taka Makka ba a wannan tafiya. Wani abokina ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ya je Saudiyya ya dawo da takardu zalla ba. To na gaji da maimaici. Ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni lauya ne, ofishina yana Kano, amma asalina wani ƙaramin gari ne gabas da birni. Abu biyu ne suka kai ni Riyad. Na farko gayyata ce zuwa taron lauyoyi da alƙalai na ƙasashe daban-daban. Abin da aka taru a kai shi ne irin ƙarar da mutane da yawa ke haɗuwa su shigar tare saboda abu ɗaya ya cuce su, wadda ni nake kira ƙarar gayya. Kowace ƙasa da yadda take karɓarta. Yadda ake kai sammaci daban, takardar da kotu ke yarda da ita daban, wanda ke da ikon magana da yawun saura ma daban. Ga mutane kuma yanzu sun watsu a duniya, mai ƙara yana nan, wanda ake ƙara yana can. Shi ne ake son a ga ko za a kusanto da ƙa'idojin juna.

Na biyun shi ne ya fi damuna, don ƙara ce da ke hannuna. 'Yan garinmu goma sha huɗu da ke aiki a Riyad sun haɗa ƙungiya, suka sayi fili a bakin gari don a haƙa rijiyar burtsatse, daga baya a gina ɗakin shan magani. Sai maƙwabcin filin, Alhaji Mudi, ya tashi katange gidan gonarsa, katangar ta ci kusan rabin filin, har da daidai wurin da masu auna ruwa suka ce a haƙa. Na shigar da ƙara da sunan shugaban ƙungiyar, Baba Sa'idu, a madadin dukkansu, na jera sunaye goma sha huɗu kamar yadda ya turo mini. Ranar zaman farko lauyan Alhaji Mudi ya miƙe ya ce ina shaidar cewa mutanen nan sun wakilta wani? Alƙali ya ba ni mako shida in kawo izinin kowane ɗayansu a rubuce, da hatimin mai shaida na ƙasar da suke zaune, in ba haka ba ya kori ƙarar. In kuwa aka kore ta, kafin in sake shigarwa Alhaji ya ɗora gini a kan wurin rijiyar. Da gayyatar taron ta zo, na ce Allah ne ya kawo mini tikiti.

Kuskurena na farko shi ne na bari labarin tafiyar ya isa garinmu. Kwana biyu kafin in tashi falona ya koma rumfar kasuwa. Wannan ta aiko wa mijinta kuka, waccan daddawa, wata yaji a gwangwanin madara, wata tsohuwa kuma ta aiko da ƙullin kanwa ta ce ɗanta na fama da ciki. Ban ma san wace ta aiko da me ba, matata ce ta karɓa ta rubuta sunayen mazan a jiki. Goro kaɗai na ƙi ɗauka, don an gargaɗe ni a kansa. Ita kuma matata, da ta tashi shirya akwati, ta saka mini har da hular gashin nan da muke sawa a kotu, wai lauya ba ya tafiya taron lauyoyi da kai tsirara. Na ce mata taro ne ba shari'a ba. Ta ce in ba a sa ba a dawo da ita, ai ba ta cin abinci.

Daga Kano muka tashi, muka ya da zango a Alƙahira na wasu awanni, inda na sayi ruwan roba ɗaya na yi ta lallaɓa shi saboda tsadarsa. Da hantsi muka sauka Riyad. Aka ɗauki hoton yatsuna da na fuskata, aka buga mini hatimi ba wata doguwar magana, har na fara yabon kaina. Sai akwatina ya bi ta cikin na'ura, wani jami'i ya yafito ni gefe da ladabi ya ce in buɗe. Ina zuge zif ɗin ya ja da baya taku ɗaya. Ledar daddawa ce ta fashe a hanya, ta bi kayan nan kaf ta gaisa da su. Ya ɗaga ƙullin kuka ya girgiza, ya dube ni. Na tattaro Larabcin Islamiyya da na bari tun ina yaro, na yi masa bayanin miya, ina kwatanta tuƙa tuwo da hannu. Bai gama fahimta ba sai idonsa ya faɗa kan hular gashi. Ya ɗauko ta da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mushen ɓera, ya tambaya ta wace ce. Na ce tawa ce, ta aiki. Ya kira abokin aikinsa, su biyu suka tsaya suna kallona, sai na ga babu mafita na ɗora ta a kai na gyara tsayuwa irin ta gaban alƙali. Dariya ta kama su har ɗayan ya dafa tebur. Suka mayar mini da kayana duka, suka ce marhaba.

A waje na tarar da Baba Sa'idu yana jirana. Dattijo ne siriri mai farin gemu, abokin mahaifina tun suna samari, kuma shi ne uban duk wani ɗan garinmu da ya sauka Riyad. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Ahlan, ahlan, ɗan Malam Iro! Kai ne ka ajiye tumbi haka? Yalla, shiga mu tafi, an hana tsayuwa a nan."

Motarsa a-kori-kura ce, da ita yake ɗaukar kayan gwari daga babbar kasuwar Al-Aziziya yana rarraba wa masu shaguna. Na zauna gaba, ƙamshin albasa ta baya, daddawa ta gefe, muka hau wani titi mai faɗin da ban taɓa gani ba, kowa na gudu kamar an biyo shi. Baba yana tuƙi da hannu ɗaya yana nuna mini gari da ɗayan, ni kuwa ina ta salati a zuci. Na tambaye shi ko mutanenmu sun san abin da ya kawo ni.

"Kowa ya sani. Ranar Juma'a ba shugul, ba mai zuwa aiki, duk za su zo gidana a Ulaisha. Ka kawo takardarka kawai, mafi mushkila, ba wata matsala."

Otal ɗin da aka sauke mu ba abin da zan ce sai godiya, sai dai sanyin na'ura. A waje rana kamar ta gasa mutum, a ciki kuma sai ka nemi bargo. Na rataye kwat ɗina a bakin taga ya sha iska, na fesa masa turare rabin kwalba, amma daddawa ba ta san wannan ba. Washegari a zauren taro wani farfesa ɗan Masar da aka zaunar kusa da ni ya yi ta shinshina iska yana duba ƙarƙashin tebur. Ni ma na taya shi dubawa.

Kafin a shiga zaure ana ba da gahawa da dabino. Wani mutum ne da doguwar buta yake zuba ɗan kaɗan a kofi ƙarami kamar murfin kwalba. Na shanye na miƙa masa kofin don ya karɓa, sai ya ƙara. Na sake shanyewa na miƙa, ya sake ƙarawa. Mu kuma a gida ba a ce wa mai kyauta ya isa haka da gatsau. Ina kofi na bakwai, zuciyata ta fara bugawa kamar ganga, sai wata mata mai tabarau da ke gefena ta ce mini da Turanci in girgiza kofin kafin in miƙa. Na girgiza, mutumin ya karɓa ya wuce abinsa. Haka na san Hajiya Salma, alƙaliya daga Malesiya, wadda ta ce tun kofi na huɗu take kallona tana son ta ga iyakata.

Kwana biyu aka yi ana kai ruwa rana. An yi maganar sammaci, ko ya halatta a aika shi ta waya zuwa wata ƙasa, ko dole sai ya bi ta ofisoshi ya shekara a hanya. An yi maganar hukunci, in kotun wata ƙasa ta yanke ko ta maƙwabta za ta mutunta shi. Farfesan Masar aka ba shi minti goma ya ci hamsin, ni kuma na yi kusan rabinsu ina gyaɗa kai da abin fassara a kunne kafin in lura na murɗa shi wajen Faransanci. Amma inda aka fi ɗaga murya shi ne tambaya ɗaya: wa ke cikin ƙarar gayya? Wasu ƙasashen sun ce ba a sa mutum sai ya zo da kansa ya ce a sa shi. Wasu sun ce duk wanda abin ya shafa yana ciki, sai dai in ya fito ya ce a cire shi.

Da aka zo kaina na miƙe na gyara kwat. Ina da baki, wannan ko maƙiyina ya sani. Na ce mu a wurinmu ba mu san wannan wahala ta bin mutane ɗaya bayan ɗaya ba. Jama'a kan taru, babba ya faɗi abin da za a yi, ya tambaya ko akwai mai ja, in ba wanda ya yi magana shi ke nan an yarda. Na ce da kotunan duniya za su koyi wannan da an huta da tarin takardu. Na ma ba su labarin ƙarata, da yadda aka sa ni ƙetare teku saboda sa hannun mutanen da bakinsu ɗaya ne. Aka yi mini tafi, kaina ya kumbura. Sai Hajiya Salma ta jawo makirufo ta ce tana da 'yar tambaya: wanda bai yi maganar ba, a gaban wa yake zaune lokacin da aka tambaye shi? Na ba ta amsa mai tsawo mai daɗin ji, wadda ko ni ban san inda ta dosa ba. Ta yi murmushi ta rubuta wani abu a takardarta.

Juma'a da Asabar ne hutun ma'aikatun gwamnati a can, Lahadi kowa na wurin aiki, don haka aka ɗage taron sai Lahadi a rufe. Bayan sallar Juma'a Baba ya kai ni Ulaisha. Tsohuwar unguwa ce mai lunguna, in ka ji Hausa na tashi ta ko'ina sai ka rantse Fagge kake. Ɗakinsa yana hawa na biyu, an shimfiɗa leda a ƙasa, mutum goma sha huɗu cif sun kewaye ta, direbobi da magina da masu gadi. Aka kawo kabsa, wato shinkafarsu mai kayan ƙamshi da kaza a kwance a kai, a faranti ɗaya mai faɗin murfin rijiya. Amma ba wanda ya kalle ta sai da aka gama da tuwon da aka yi da kukar da na kawo. Wani ƙato mai aikin gini ya kai loma ɗaya, ya rufe ido, ya ce a bar shi kar wanda ya yi masa magana.

Na rarraba saƙonni ana ta shewa da tsokanar juna. Gwangwanin yajin ya faɗa hannun wani mai suna Habu, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutum mai sanyin hali da ya zauna can bakin ƙofa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi ya sake juyawa, ya sa a aljihu.

Da aka wanke hannu Baba ya yi gyaran murya, ɗakin ya yi tsit. Ya yi bayanin filin da katangar da abin da alƙali ya ce, sannan ya bi fuskokinsu da kallo.

"To kun ji. Ni zan tsaya a madadinku har a ƙwato mana haƙƙinmu. Akwai mai ja?"

Ba wanda ya motsa.

"Halas, shi ke nan. Barista, kawo takardar in sa hannu a madadin kowa."

Na ji daɗi har cikin raina, na ce ina ma Hajiya Salma na nan ta gani da idonta. Sai dai na yi wa Baba bayani cewa alƙali hatimin mai shaida yake so, don haka dole gobe mu ɗunguma gaba ɗaya. Aka yi ta gunaguni, don su Asabar ranar aiki ce a wurinsu, kowa na lissafin yadda zai roƙi mudir ɗinsa, wato shugabansa a wurin aiki, ya ba shi awa biyu.

Asabar da la'asar muka haɗu a Al-Suwaidi, a wani ofishi da ke saman shagon sayar da waya. Mai shaidar dattijo ne mai nauyin jiki, ana kiransa Abu Nasir, ga alama ba abin da ke sa shi sauri a duniya. Ya karanta takardata da na sa aka fassara da Larabci, ya gyaɗa kai, sannan ya ce kowa ya fita. Ɗaya bayan ɗaya za a shigo, kowa da iƙamarsa a hannu, wato katin izinin zama, a rufe ƙofa. Ni kaɗai zan tsaya in karanta wa mutum takardar da harshensa. Baba ya ji abin ya taɓa shi. Ya ce da Larabcinsa na kasuwa shi ne babbansu, jiya a gabansa kowa ya yarda, ko ana nufin zai yi musu ƙarya ne? Abu Nasir ya dafa ƙirji ya ce ya girmama furfurarsa, amma hatiminsa cewa yake yi ya ji da kunnensa, shi kuwa jiya ba ya wurin. Ni ma a raina haushi nake ji, ina duba agogo ina cewa wannan ɓata lokaci ne kawai.

Mutum goma suka shiga suka fita lafiya. In karanta, dattijon ya tambaya ko an yarda, a ce na'am, a sa hannu. Na goma sha ɗaya shi ne Habu. Na karanta masa da sauri don na riga na haddace. Abu Nasir ya tambaye shi. Habu ya sunkuyar da kai yana kallon darduma.

"Habu, ce masa na'am mu tafi, ana jira," in ji ni.

Dattijon ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Can Habu ya ɗago.

"Yaya Barista, in na ce a'a, Baba zai ji?"

Na ajiye takardar. Na ce me ya faru?

"Alhajin nan da ake ƙara surukina ne. Matata Zainabu da yarana uku a gidansa suke zaune tun da na taho. Shi ya tsaya a sunan autana ina nan. Filin namu ne, wallahi na sani, katangar ta shiga. Amma ni in sa hannu in kai shi gaban alƙali? Tun da aka kai sammaci gidan da sunana a jiki ban iya kiransa na gaishe shi ba."

"To me ya hana ka faɗa jiya?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"A gaban Baba? Shi ya karɓe ni a garin nan. Wata huɗu na yi a ɗakinsa kafin in sami kafil, ubangidan da zai tsaya mini."

Sai a lokacin abin ya dawo mini. Na halarci ɗaurin auren Habu da Zainabu da kaina, na ci waina a ƙofar gidan Alhaji Mudi har na nemi ƙari. Amma ranar da nake jera sunaye a takardar ƙara ko sau ɗaya bai faɗo mini ba. Kunya ta rufe ni. Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, ban saduda nan take ba. Alƙali goma sha huɗu ya ce, ga rijiyar gari guda a kan sa hannu ɗaya. Na sassauta murya na ce masa ai sa hannu ne kawai, ba sai ya je kotu ba, Alhaji ma zai fahimta. Abu Nasir bai san Hausa ba, amma ya san muryar lallashi. Ya miƙa hannu ya ɗauke alƙalamin daga gaban Habu, ya rufe shi, ya ce a kira na gaba.

Da aka gama na ja Baba gefe a bakin matakala na faɗa masa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce yaron da ya riƙa kamar ɗansa shi zai kunyata shi a gaban Balarabe? Ya nemi Habu, aka ce ya riga ya sulale ya koma wurin aiki. Muka shiga mota. Bai kai ni otal ba, sai ya tsaya a wani shagon gurasa ya sayo mana gurasarsu ta tamis mai zafi da wake, muka zauna a bayan motar a kan buhunan albasa.

"Na san surukinsa ne," in ji shi daga baya. "Na ɗauka in da damuwa zai faɗa."

"Zai faɗa a gabanka, Baba?"

Ya daɗe yana tauna gurasa.

"Ni ma da babanka ne ya tara mu ya tambaya, ba zan ja ba."

Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ciro waya ya kira. Ina jin muryar Habu can ƙasa-ƙasa yana ta ba da haƙuri.

"Kai, rufe mini baki. Ka ci abinci? To saurara. Kana cikin masu rijiya, ba ka cikin masu ƙara, halas. Juma'a ka zo da yajin nan, na ga ka ɓoye shi a aljihu."

Ranar Lahadi, kafin a rufe taro, na nemi minti biyu. Na ce maganar da na yi ranar farko na janye rabinta, na ba su labarin abin da ya faru a Al-Suwaidi ba tare da na kama suna ba. Na ce duk ƙa'idar da za a daidaita, a bar wa mutum wata 'yar ƙofa da zai ce a'a inda babbansa ba ya kallonsa. Ba a yi mini tafi kamar na farko ba, amma na ga mutane da dama suna rubutu. Taron ya tashi kamar yadda taron lauyoyi ke tashi, an yarda a kan abubuwa kaɗan, sauran aka kafa musu kwamiti. A wajen shan gahawa Hajiya Salma ba ta ce ai ta faɗa mini ba, kuma na gode mata da hakan. Cewa ta yi in da a kotunta ne, lauya ya zo ya faɗi gaskiya ya nemi izinin gyara takardarsa, za ta saurare shi.

Haka na dawo gida da sa hannu goma sha uku, da kwalin dabino da mutanenmu suka haɗa mini, da tsoron abin da alƙali zai ce. Ranar zama na miƙe na ce, ya mai shari'a, ina neman izinin cire suna ɗaya, domin mai sunan bai wakilta kowa ba, kuma kuskuren nawa ne. Lauyan Alhaji Mudi ya zabura ya ce ai ga shi na faɗa da bakina, ƙarar tun tushe ba ta tsaya ba, a kore ta. Alƙali ya duba hatiman ɗaya bayan ɗaya, ya ce mutum goma sha uku sun isa su kare filinsu, ya amince da gyaran. Sai na hango Alhaji Mudi ya jawo rigar lauyansa. Ya sa shi ya karanta masa sunayen a kunne, yana lanƙwasa yatsu. Da aka kai ƙarshe bai ji sunan Habu ba, ya sa aka sake karantawa. Daga nan lauyan ya miƙe, fuska ba walwala, ya ce wanda yake karewa yana roƙon a ba su lokaci a sasanta a gida.

Mako biyu bayan haka magina suka rushe ɓangaren katangar da ya shiga filin. Ranar da motar haƙa ta iso na je garin don in ɗauki hoto in tura Riyad. Alhaji Mudi na zaune a kan tabarma a inuwar sabuwar katangarsa yana kallon aikin. Ya yafito ni, na je na gaishe shi.

"Barista, wa ya sa sunan yaron nan a takarda tun farko?"

"Ni ne, Alhaji."

"Ka tambaye shi?"

"Ban tambaye shi ba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Wata biyar ke nan tun da aka kawo sammacin nan, ina gida ɗaya da 'yata, in ta durƙusa gaishe ni sai in kau da kai. Jikokina ma sun daina shigowa ɗakina."

Na durƙusa a kan ƙasar nan na ce ya yafe mini.

"Tashi, kar ka ɓata wandonka," in ji shi. "Kira mini Habu a wayarka, ni ban iya kiran Saudiyya ba."

Na danna lambar, na miƙa masa, na matsa can wajen masu haƙa inda ba zan ji abin da za su ce ba.